Hannun da Bai Tashi a Majami'a Ba

Zuwa ga Yaya Ayuba,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya aiki a Rijiyar Zaki, yaya Larai da yara? Inna tana lafiya, gero ya fara fitar da kai.

Yaya, raina a ɓace yake. Surukinka, Dikin Nababa, babban dattijon majami'armu, ya tashi sai ya kori Fasto Iliya. Laifinsa ɗaya: ya tuna wa jama'a cewa gonar ikilisiya ta kowa ce, aka ba zumuntar mata ita, alhali Dikin ya saba nomanta kamar gadon ubansa. Na hau keke har wajen shugaban haɗin ikilisiyoyin yankinmu. Ya ba ni ruwa, ya ce mu Baptis ba mu da bishop, shi shawara kawai zai iya bayarwa. Ikilisiya ce ta kira fasto, ita kaɗai za ta sallame shi. Na karanta tsarin mulkinmu da kaina, haka ne kuwa: duk wanda aka yi wa baftisma yana da hannu ɗaya a ƙuri'a, dikin ko mai tallan ƙosai.

Ran Lahadi bayan sujada za a ɗaga hannu. Har yanzu kai ɗan ikilisiyar nan ne. Ka zo.

Ƙaninka,
Ɗan'auta

Zuwa ga Yaya Ayuba,

Ina gaisuwa, da fatan ka sauka lafiya, tunda ko sallama ba ka tsaya yi mini ba.

Na roƙa a rubuta ƙuri'a a takarda a ninke, Dikin ya ce 'ya'yan haske ba sa ɓoye hannu. Ya kuma jawo kujerarsa gaba, ya fuskanci jama'a. Rabin majami'ar nan surukansa ne ko masu aron shanun hudarsa! Tsofaffin mata suka ɗaga wa Fasto hannu, har da Inna mai ciwon kafaɗa. Na waiga, na gan ka kana duba takalminka. Na san kunyar suruki, amma ba gaisuwa aka ce ka ƙi yi masa ba. Wa ya kwana da mu a asibiti lokacin jinyar Baba? Da kaɗan aka kayar da mu, Yaya, da kaɗan.

Fasto kuwa har ya sa wa taron albarka. Ran Asabar zai kwashe kayansa zuwa Minjibir, geron da ya shuka a bayan gida ko nuna bai yi ba. Ka zo mu loda masa mota. Wannan aikin dai surukinka ba zai hana ka ba.

Ƙaninka,
Ɗan'auta