Sakatar Ƙofar Baya

Melbourne, 12 ga Mayu

Yaya Bluma,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki, kina shan maganin kuwa? Ki gaida maigida Yankel.

Kin ce aikin girki a gidan renon yara zai rage mini tunanin jikana Hillel. Ya rage, sai ranar Alhamis. Ina yanka karas na hango ta taga Zalmi, ɗan shekara uku, tsaye a bakin titi shi kaɗai. Kafin in iya buɗe baki mai gadi ya ruga ya ɗauko shi. Ta ƙofar baya yaron ya fita, wajen kwandunan shara. Sakatar ba ta kamawa, kuma sau uku ina faɗa wa shugabarmu, Shulamit Brenner. Kin san irin ƙofar nan ce ta bar Hillel ya kai ga tafkin wankan maƙwabta, ya nutse. Zaunawa na yi a ƙasan kicin.

Da uwar yaron ta zo, Shulamit ta ce mata ƙwallo ya bi har bakin ƙofa. Bakin ƙofa, Yaya. Doka kuwa ta ce in yaro ya fita a sanar da hukumar lasisi cikin kwana ɗaya, takardar ma tana manne a ofis. Ban ga alamar an yi ba. Washegari dai Adler, shugaban kwamiti, ya kawo marubucin ayoyi ya duba mezuza, takardar ayoyin da muke maƙalawa a jikin kowace ƙofa don tsari, ko wani harafi ya goge. Ba na raina wannan, ni ma na sa an duba tawa bayan rasuwar. Amma sakatar da igiya aka ɗaure ta.

Esti mai ajin jarirai har tsokanata take, wai Gitel sarauniyar ƙofa, a ba ni hula da usur. Ina murmushi kawai.

Ƙanwarki,
Gitel

24 ga Mayu

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ni dai ga ni nan.

Ranar Talata wata mata daga hukuma ta shigo ba sanarwa. Ta ƙirga yara, ta ƙirga masu reno, ta duba takardun kowa, sannan ta wuce kai tsaye ƙofar baya. Kowa ya gane an faɗa mata. Tun ranar idanu suke kaina. Ranar Asabar a majami'a matar Adler ta janye kujerarta, na ji ta ce da ta kusa da ita, "Moser." Ni, Yaya, wai mai kai 'yan'uwa Yahudawa ƙara wajen hukuma. Baba da yana raye da kalmar nan ta kwantar da shi.

Wallahi ba ni ba ce. Amma ba zan ɓoye miki ba, sau biyu na danna lambar wayar hukumar na kashe. Har yanzu ban san wanne ya fi ba ni kunya ba, dannawar ko kashewar.

Na zargi mai gadi, na zargi Esti da dariyarta. Adler ya tare ni a kicin ya ce yara arba'in ne a nan, babu wani gidan reno mai abincin kosher, wanda addininmu ya halatta, a kusa, in aka janye lasisi iyaye ina za su kai su. Ya ce mai alhinin rashi yakan ga abin da babu. Litinin matar hukumar za ta dawo ta tambaye mu ɗaya bayan ɗaya. Shulamit ta ce da ni in faɗi abin da na gani kawai, ba ta ko kalle ni ba. Ina jin tarko ne, in na faɗa su sami dalilin sallamata.

Ki yi mini addu'a.

Gitel

28 ga Mayu

Yayata,

Na ga saƙonki, na gode. Kin ce in yi shiru in tsira da aikina. Ki yafe mini, ban yi ba.

Na gaya wa matar hukumar cewa a bakin titi na ga yaron, mota tana iya tahowa. Ta rubuta, ta ce maganata ta yi daidai da rahoton da shugabarmu ta aika musu tun yammacin ranar da abin ya faru. Na ce wa? Ta maimaita.

Na sami Shulamit a ɗakin ajiya na rufe ƙofa. Ba ta musa ba. Ta ce sau biyu tana neman kwamiti su sake ƙofar suna cewa a jira bayan bikin idi, kuma Adler ne ya hana ta gaya wa uwar gaskiya. Ta ce su takardun hukuma ba sa karantawa, sai abin da ta karanta musu. Sannan ta ce, "In suka san ni ce, korata za su yi, wadda za su kawo kuma ba za ta kira kowa ba." Na tambaye ta ko shi ya sa ta bari aka rataya mini sunan. Ta sunkuyar da kai.

Ban sani ba ko yaran take karewa ko kujerarta. Wataƙila duka biyun. Lasisi dai bai tafi ba, an ba su mako biyu, jiya masu aiki suka sa sabuwar ƙofa. Na gwada ta sau goma, tana rufe kanta.

Na ce mata sunan zan riƙe, ba zan tona ta ba, na ɗauki abin da ya fi shi nauyi. Amma uwar Zalmi sai ta san inda ɗanta ya tsaya. Na ba Shulamit zuwa Juma'a kafin a kunna kyandir na shigar Asabar, in ba ta faɗa mata ba ni zan je gidan su Zalmi.

Na riga na tambayi lambar gidan, Yaya. Titi biyu ne daga nan.

Ubangiji ya ƙara miki lafiya.

Taki har kullum,
Gitel