Keken da Ke Kallona

Litinin, 4 ga Afrilu, 2016

An saka wa yarinyar na'urar ji yau, kunne biyu. Watanta bakwai da kwana tara. Likitar kunne ta ce tana ji kaɗan, kuma in aka dage yanzu za ta yi magana kamar kowa. In aka dage. Dina, nas ɗin nan 'yar Jos da ke fassara mini in Turancin ya yi gudu, ta maimaita da Hausa: ta riƙa ganin bakinki in kina magana, ki kira sunanta, ki gaya mata duk abin da kike yi.

Na ce to.

Sai likitar ta ce in gwada a gabanta, in kira ta. Na buɗe baki, na ɓige da gyara mata hula. Dina ta kalle ni, ta ce wa likitar gajiya ce. A bakin lif ta ce, "Shamima, 'yar fari ce ko?" Na ce e. Ta ce, "Kunyar nan ki aika ta garinku Funtuwa ta jira ki can."

Shekarata arba'in da ɗaya. Sha huɗu daga ciki roƙon haihuwa na yi. Ga ta an ba ni, kuma ban iya kallon idonta a gaban mutane ba.

Laraba, 6 ga Afrilu

Tafiyar awa guda kullum dole ce, saboda sugan da cikin ya bar mini. Goyo ba zai yiwu ba, a baya ba ta ganin bakina, kuma ɗinkin tiyatar haihuwa har yanzu yana ja. Tsohon keken tura jariri da maƙwabciyata Anti Adjara ta ba ni gaba yake kallo. Awa guda ita tana kallon tayoyin motoci, ni ina kallon rumfar keke. Dina ta ce wannan awar ita ce mafi tsada a yininmu, in nemi wanda za ta fuskance ni.

Na rubuta abin da nake nema:

1. Ta riƙa kallona.
2. In iya hawa bene huɗu da shi ni kaɗai.
3. Ya naɗe da hannu ɗaya, don direban bas ba ya yarda sai an naɗe.
4. Taya mai ƙwari, unguwarmu Highbridge duk tudu ce.
5. Kada ya wuce dala ɗari da hamsin.

Na karanta wa maigida yana ɗaure takalmi zai tafi aiki filin jirgin JFK. Ya ce, "Wannan ai miji kike nema. Ni ma ban cika uku ba."

Ban yi dariya ba sai da ya fita.

Asabar, 9 ga Afrilu

Shago uku a 125th Street. Masu arha duk gaba suke kallo. Masu kallon uwa daga ɗari huɗu suke farawa, kuma nauyinsu kamar buhun shinkafa. Na samu ɗaya mai dama-dama wanda hannunsa ake juyawa. Na juya, sai tayoyin da ke karkata suka dawo wajen ƙafata, na tura dama ya yi hagu, na zubar musu da kwalayen famfas. Mai shagon ta ce ba komai, kowa haka yake yi. To me ya sa suke sayarwa?

Wataƙila ni ce ban iya nema ba. Wasu matan da sun gama tun da safe.

Lahadi, 10 ga Afrilu

Inna ta kira. Na gaya mata abin da likita ta ce, ban da maganar kiran suna. Ta yi addu'a, ta ce, "Ke dai ki riƙe mutuncinki, kada ki zama irin masu lashe 'ya'ya a titi."

Ni ce ta farinta. Ba ta taɓa kiran sunana ba, daga "ke" sai "waccan". Kuma ban taɓa jin cewa ba ta so na ba, ko sau ɗaya. Amma a gidanmu akwai Kaka, akwai gwaggonni uku, su suka yi mini surutu da rawa har na buɗe baki. Inna ta yi shirunta ne don akwai masu yi mata maganar.

Wannan wa gare ta? Ni, da hitar ɗumama ɗaki mai ƙara, da uban da ke dawowa tana barci.

Laraba, 13 ga Afrilu

Mun dawo gida na ciro ta, babu na'urar kunnen hagu. Ban ga lokacin da ta cire ba. Yaya zan gani?

Na buga wa Anti Adjara ƙofa, muka bi titin Ogden har bakin gadar da nake kai ta yawo muna duba ƙasa kamar masu tsintar gyaɗa. Awa biyu. Ashe tana cikin lungun kujerar keken, jiƙe da yawu, murfin batirin a buɗe. Batirin yana nan. Na duba sau huɗu, yana nan.

Anti Adjara ta ce, da Hausarsu ta Kumasi da ba ta raba mace da namiji, "Yaron bai haɗiye ba, ka gode Allah, ka zauna ka sha ruwa." Na zauna a matattakala. Na sha ruwan.

Juma'a, 15 ga Afrilu

Ban fita ba jiya, ban fita ba yau. Suga ya hau.

Talata, 19 ga Afrilu

Anti Adjara tana jinyar wata tsohuwa a unguwar Riverdale. 'Yar tsohuwar tana da keke mai kallon uwa, yaranta sun girma, ta ce ɗari da ashirin. Mun je da rana. Na duba ɗamara, na taka birki sau goma, na juya kowace taya. Kujerar tana fita da maɓalli biyu, a sa ta ta kalli uwa ko ta kalli titi.

Ya ci lamba ɗaya, da huɗu, da biyar. Ya faɗi biyu da uku, faɗuwa mai muni. Da ƙyar na ɗaga shi, kuma sai an cire kujera yake naɗewa.

Na tsaya da takardata a hannu har matar ta fara kallon agogo. Anti Adjara ta fizge takardar ta ce, "Ka zo sayen sitirola ne ko ka zo jarrabawa?" Na saya. Mai kula da gininmu ya yarda in riƙa ɗaure ƙafafun keken a ƙarƙashin bene, in hau da yarinyar da kujera. Bas kuma na haƙura da shi.

Ban sani ba ko na yi daidai. Akwai wata tayar da nake jin kamar tana ƙara.

Alhamis, 21 ga Afrilu

Fitar farko.

Ban yi tunanin wannan ba. Duk lissafina a kan nauyi da taya yake, ban lissafa idonta ba. Tun daga ƙofar gida ta kafa mini su, ba ƙiftawa, kamar mai jiran in ba ta saƙo. Na kalli fitilar titi, na kalli tantabaru, na karanta lambobin gidaje. In na saci kallo, tana nan.

Minti hamsin da biyar. Abin da na ce: "To." "Bari." "Mun kusa."

Na'ura dai ba ta ɓata ba, sau biyu na kama hannunta. Ko wannan kaɗai ya biya kuɗin keken, haka na gaya wa maigida.

Asabar, 23 ga Afrilu

Hanyar gada ta gaban shagon kayan miya na Hajiya Zinariya take bi. 'Yar Katsina ce, ta san dangin Inna, kuma kullum tana bakin ƙofa da wasu mata. Ba zan iya wucewa ta gabansu ina fuska da fuska da 'yar fari ba, kamar na fito nuna ta. Don haka nake tsayawa a shagon wanki, in ciro ta, in juya kujera ta kalli titi, in mayar da ita, in wuce, in gaishe su. A kwanar makaranta in sake juyawa. Haka a dawowa. Sau huɗu.

Ashe Anti Adjara tana gani ta taga. Ta tare ni a bene. "Maman Hamdatu, sitirola ka saya ko fanka?" Na yi mata bayani. Ta ce su ma a Zangon Kumasi suna da kunya, amma ba sa kai kunyar asibiti. "Yaron ba ya ji, kai kuma ba ka magana. To wa zai fara?"

Na shiga ɗaki na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Laraba, 27 ga Afrilu

Asibiti. Sun tambaya ko ta fara gwalan-gwalan ɗin nan na jarirai, ba-ba, ma-ma. Babu. Likitar ta ce kada in damu tukuna, ta rubuta wani abu mai tsawo. In ba damuwa, me take rubutawa?

Dina ta raka ni waje. Ta ce ba wanda ya ce in yi mata kirari ko waƙa. "Ko takardar cefane ki karanta mata. Ita bakin take so ta gani."

Na gaya wa maigida. Shi ya ajiye tasa kunyar tun ranar da aka haife ta, ranar hutunsa har ɗaga ta yake yana "Hamdatu ta Baba" sai ka ce ba ɗan Malumfashi ba. Ya ce, "Ki ɗauka ba taki ba ce. 'Yar maƙwabta ce aka ba ki riƙo zuwa la'asar."

Alhamis, 28 ga Afrilu

Na gwada. Da 'yar maƙwabta na iya, kullum ni ce mai wasa da yaran mutane, shekara sha huɗu ina yi. Na ce mata, "Yarinya, ina mamanki ta tafi?" Ta yi mini murmushi da haƙoranta biyu.

Ban ƙara ba. Dabarar ba ta da kyau. Na tsaya a gefen hanya na yi kamar ina gyara ɗamara.

Litinin, 2 ga Mayu

Gadar ba kowa da safe, sai wani tsoho da kare. Iska tana da yawa, Dina ta ce iska na cika na'urar da shuu, don haka na ja rumfa na sunkuyo kusa. Ban san me zan ce ba, sai na gaya mata laifuffukan keken. Tayar hagu tana ƙara. Birki yana da tauri. Kwandon ƙasa ba ya ɗaukar galan ɗin madara. Matar da ta sayar mini ta ce shekara biyu ta yi amfani da shi, ni ina ganin huɗu.

Ta saurara, ko ta kalla, ban san wanne ba. Ta miƙo hannu ta kama leɓena na ƙasa ta ja.

Daga wannan bakin gada zuwa wancan. Ban duba agogo ba.

Juma'a, 6 ga Mayu

Murfin tukunya ya faɗi a bayanta, ko motsi ba ta yi ba. Na duba, batirin dama ya mutu. Tun yaushe? Ina da jadawalin canzawa manne a firij, ni na rubuta shi da hannuna, kuma na tsallake. Wato jiya duk abin da na faɗa rabinsa ta samu, in ma ta samu.

Wata takwas. Jikar Hajiya Zinariya da suka zo duniya sati ɗaya tana ta da-da-da a waya, an kunna mana a shago. Na ce ma sha Allah.

Asabar, 7 ga Mayu

Ruwa. Mun fita duk da haka, da ledar keke.

Alhamis, 12 ga Mayu

Suga ya sauka kaɗan. Tayar hagu na sa mata mai, ta yi shiru.

Anti Adjara ta hawo da yamma tana dariya tun daga hawa na biyu. Wai Hajiya Zinariya tana ƙorafi, na wuce ta gaban shago yau, ta gaishe ni har sau biyu ban ɗago ba. Wai kaina yana cikin keke ina ta zuba kamar rediyo, matan duk suna kallo.

Ni ban gan ta ba. Maɓallan kujerar sun yi tauri tun ranar ruwan nan, juyawar tana cin lokaci, kuma ciro yarinya a mayar sau huɗu ba shi da kyau ga bayana. Dalilin ke nan.

Miyar kuka nake koya wa Hamdatu. Na ce a fara da albasa, ta ce "bbb", da yawu. Na ce a'a, albasa. Ta sake. Mai yiwuwa iska ce kawai, yara suna yi, ba zan rubuta a takardar asibiti ba sai na ji sau uku.

Gobe zan tsaya in gaishe da Hajiya da kyau, in ba ta haƙuri. Sai dai in yi sauri, don ba mu gama ba. A daddawa muka tsaya.