Inna, Ina Kishin Jikarki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina roƙon Allah Ya yalwata miki makwanci. Ɗanki Sa'idu ne. Na san ba ke za ki karanta wannan ba, masu bibiyata a waya ne za su karanta. Duk da haka ke nake faɗa wa, don ke kaɗai nake iya gaya wa abin kunya ban sunkuyar da kai ba.

Inna, ina kishin jikarki.

Ba ki san ta ba. Bayan rasuwarki aka haife ta, a nan Garo, inda na kafa injin niƙana kusa da dangin matata Binta. Sunanki na sa mata, muna kiranta Ummi. Zabiya ce kamar ni: fatar nan da rana ke ƙonawa, idon nan mai rawa da ba ya son haske. Ranar da na fara ganinta sai da na zagaya bayan ɗaki na share hawaye, don a zatona na san hanyar da za ta bi.

Kin tuna makarantar ƙauyenmu, can wajen Getso? Da yake ni dogo ne, a layin baya aka ajiye ni, jikin taga. Allo a wurina wani baƙin abu ne mai dishi-dishi. In malam ya ce a kwafa, sai in leƙa littafin na kusa da ni, hancina kamar zai taɓa takardarsa, sai a ce satar amsa nake. Kullum da safe a jera mu a rana, wuyana ya yi ta salewa. Ranar da na dawo da shatin bulala a kan ƙunar, kika zaunar da ni kina shafa mini man kaɗanya kina cewa, "Karatun da zai cinye mini ɗa, a bar shi." Ina aji uku. Ban sake komawa ba. Sai da na yi gemu na koyi haɗa baƙi a ajin yaƙi da jahilci, wannan wasiƙar ma da waya manne a fuskata nake rubuta ta.

Ita ma Ummi ta sha irin wahalata shekara uku, ban da dukan. Sai a hutun bara aka kai malamar ajinsu, Malama Rabi, Kano tare da wasu malamai, aka yi musu bita kan koyar da yara masu buƙata ta musamman a aji ɗaya da sauran yara. Tana dawowa ta ɗauko Ummi daga baya ta kawo ta bencin gaba, gefen da hasken taga ba ya bugu. Duk abin da ta rubuta a allo sai ta karanta shi da baki. In an fita hutun tara, sauran malamai suna cin abinci, ita tana duƙe tana kwafe wa Ummi darasi a kan kwali da manyan haruffa. Hedimasta ya yarje wa Ummi sa malfa da tsayuwa a inuwar darbejiya lokacin taron safe. Har gilashin hannu suka samo mata, mai ƙara girman rubutu.

Ranar da ta zo da shi gida na karɓa, wai zan duba ko da tsaga a jikinsa. Na ɗora a kan littafinta. Inna, haruffa suka miƙe tsaye, kowanne da ƙafarsa, ba mai hawa kan wani. Na daɗe riƙe da shi har ta ce za ta yi aikin gida. Na miƙa mata, wani abu ya tokare mini ƙirji. Ba farin ciki ba ne. Na san farin ciki.

Tun daga nan, in ta ce "Malamarmu ta ce", sai in ji raina ya ɓaci ba dalili. Ina tsaye gaban inji, gari ya rufe ni har gira, ina tunanin yaron nan da nake leƙa littafinsa. Yanzu ma'aikacin lafiya ne a Gwarzo, kuma wallahi na fi shi saurin lissafi da ka. Benci ɗaya aka hana ni, Inna. Benci kawai.

Ƙarshen zango ta shigo da gudu da katin sakamako, ta zo ta uku. Matan da ke jiran niƙa suka hau guɗa. Ni kuwa na buɗe baki na ce, "An ba ki gilashi, an ba ki benci, an ba ki inuwa. Ai in ba ki ci ba shi ne abin mamaki." Ta ninke katin a hankali ta mayar jaka. Daga ranar ta daina karatu a inda nake. Binta ba ta yi mini faɗa ba, abu ɗaya ta ce: "Duk garin nan kai kaɗai ka san abin da yarinyar nan ta sha kafin ta kawo takardar nan, kuma kai ne ka gwale ta."

Da aka koma makaranta Malama Rabi ta aiko a kira ni. Na tafi ina zaton ƙarata aka kai. Na tarar da malamai zaune a ofis, an ajiye mini kujera. Ta ce bitar 'yan kwanaki ba ta ishe su ba. Ta ce, "Malam Sa'idu, mu a takarda muka karanta, kai kuwa da idon kake rayuwa. Gaya mana yadda allo yake a wurinka."

Na haura arba'in, ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar.

Na gaya musu allon da ya koɗe da babu duk ɗaya ne, kuma alli mai launi ɓacewa yake. Na ce in yaro ya karkata kai yana kallonsu ta gefe, ba raini ba ne, nan ne idon yake tsayawa. Suna ta rubuta maganata, Inna, maganar mai niƙa. Na leƙa ajin su Ummi, yara cike har bakin ƙofa, malama ɗaya. Kwalayen ma roƙo su take a shaguna. Sai na tuna malamina mai bulala. Ba wanda ya taɓa kai shi ko'ina ya nuna masa komai. Ke ma haka. Na daɗe ina riƙe da ke a raina kan cire ni da kika yi, ban taɓa furtawa ba. Yau na sake ki. Ki yafe mini.

Da na koma gida na ce Ummi ta kawo katin nan. Na ari gilashinta na karanta darasi bayan darasi da ƙarfi, har sa hannun hedimasta, na ce mata na yi mata laifi. Ta karɓi katinta ta shige ɗaki. Sai bayan kwana biyu na ga ta shimfiɗa tabarma kusa da ni ta buɗe littafi. Mu iyaye kuma muka haɗu muka sake wa allunan fenti, tara kwali ya dawo hannuna.

Kada ki ɗauka na warke. Har yanzu in na ga ta saɓa jaka da safe, abin yana sukata. Na dai daina bari ya fito ta bakina.

Makon jiya Malama Rabi ta ba ni labarin wani yaro zabiya a wata ruga bayan gari, shekararsa bakwai, uban ya hana shi makaranta don tsoron rana da tsokanar yara. Na je bayan sallar Juma'a. Mutumin ya daɗe yana kallon tabban da ke wuyana, sannan ya ce, "Kai da ka san abin, kai ma cewa za ka yi in kai shi?" Na ce ƙwarai kuwa, don na ga ajin da idona. Ya amince, ranar Litinin yaron zai fara. Shi ma ina kishinsa, Inna, tun bai shiga ba. Amma ni zan riƙo hannunsa har ƙofar aji.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki. Ya ƙarfafa malaman nan, Ya kawo musu masu tallafa musu. Ya raya Ummi, Ya wanke mini zuciya daga ƙyashin abin da na haifa. Amin.

Ɗanki mai kewarki,
Sa'idu mai niƙa, Garo