Bindigar Karan Takwaranka

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ƙaninka Lawal ne daga Batsari. Ina gajiya, ya Fatakwal, ya iyali? Mu nan da sauƙi, alhamdu lillahi.

Albishirinka, takwaranka ya gaji hannunka. Ka tuna shanun lakar da kake gina mana a bakin rafi a Ruma, da tozo da ƙahon ƙaya? To, shi ya fi ka ci gaba. Baburan laka yake ginawa, kowanne da mutum uku a kai. Na ce ina shanun? Ya ce, "Baba, ai an kore su."

Shekaranjiya ya haɗa bindigar kara, ya shafe ta da baƙin tukunya. Ta yi kyau ƙwarai, don wani ɗan sa-kai da ya hango shi a bakin gona sai da ya ɗaga tasa. Allah ne ya tsare. Na karya bindigar karan, yau na tarar ya fara wata.

Ka gaida Hajara, ku sa mu a addu'a. Don Allah in turo maka shi? Can wajenku me yara ke ginawa?