Sunan da Ya Fi Sauƙi a Bakinki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina roƙon Allah ya kai haske kabarinki. Na san ba a kai wasiƙa maƙabarta, kuma ko da kina raye sai an karanta miki. To ga jama'a nan, su karanta. Da su da ke duk ɗaya ne a wurina yanzu, babu mai ba ni amsa.

Ina sanar da ke aikin jinyar nan na Saudiyya, wanda kika yi ta shafa mini addu'a a kansa, ya kuɓuce. Na ci jarrabawarsu, an ba ni gurbi. Abu ɗaya ya rage, takardar shaidar hali daga 'yan sanda, wadda ke nuna kotu ba ta taɓa kama mutum da laifi ba. Na je da fara'ata aka ɗauki yatsuna. Da takardar ta fito, Inna, sai ga saniyar Baffa Juli kwance a cikinta.

Kin tuna ta? Jar saniyar nan da ta faɗa geronmu a Kamarawa, shekarar da na gama sakandare. Yaya Lawali, ɗanki na fari, shi ya sare mata agara da adda ina tsaye ina kallo. Ni ko kaza aka ce in yanka sai in kasa, har dariya kike mini.

Washegari ɗan sanda ya zo tare da ɗan Baffa Juli. Baba ya rasu, Kawu Ɗandare yana kasuwar Bafarawa, ke aka tarar a ƙofar gida. Aka ce an hango ɗanki a gonar, wanne ne daga ciki? Ina bayan danga ina daka wa tumaki ƙaiƙayi, Yaya yana cikin ɗaki a laɓe. Kika sunkuyar da kai, kika ja gyale, kika ce, "Sani na yat tahi gona."

Ba ƙarya kika yi ba, na je gona. Wannan ne ya fi ci mini rai. Kin iya zaɓen magana yadda kike zaɓen tsakuwa a cikin wake.

Shekara da shekaru ina ba ki uzuri, kuma uzurin mai kyau ne. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunan Yaya a bakinki ba. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya sani. "Wanga yaro" kike ce masa, ko ki aike ni in kira shi alhali yana gabanki. Sai na ce wa kaina: baiwar Allah, an titsiye ta gaban baƙi, sunan ɗaya ba ya faɗuwa, sai ta faɗi wanda bakinta ya saba da shi. Har tausayinki nake ji. Dubi wautata.

Ranar zaman kotu Kawu ya ja ni gefe ya ce, "Ka amsa kawai, tara ta, mu biya mu koma gida. Yayanka na da iyali." Aka karanta mini tuhumar ɓarna da raunata dabba, aka ce na yi ko ban yi ba. Na ce na yi. Ba a kira shaida ba, ba a tambayi ina addar take ba, don wanda ya amsa da bakinsa ya hutar da kowa. Aka ci tara, aka biya Baffa Juli, aka dangwala yatsuna goma a tawada.

Da na dawo gida ke kika zaunar da ni a kan turmi, kika kawo toka da lemun tsami, kika bi yatsun ɗaya bayan ɗaya kina dirzawa. Ban taɓa jin hannunki da laushi irin na ranar ba. Kika ɗaga tafina kika ce, "Ka gani, ta hita. Ba ka da komi." Ba ta fita ba, Inna. Wuri ta samu ta zauna tana jirana.

Na je wurin lauya a Sakkwato, ya yi mini karatun da ya kamata a yi mini tun ina kan bencin kotu. Ya ce zargi daban, hukunci daban. Mutum zai iya kwana a hannun 'yan sanda a sake shi, bai zama mai laifi ba. Amma wanda ya amsa a gaban alƙali an yanke masa hukunci ke nan, ko bai ga ƙofar gidan yari ba, kuma biyan tara ba ya goge shi. Lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce tuntuni. Na ce to in koma in faɗi gaskiya mana. Ya ce in yi hattara, ɗaukar laifin wani don a kuɓutar da shi ma laifi ne. Abin da ya rage shi ne neman afuwar hukuma, ita kuwa ba ta san ana sauri ba. Kafin in gama shawara an ba wani gurbina.

Kin san ba kwaɗayin riyal ya sa na nace ba. Kin ga yadda 'yan bindiga suka sa muka baro Kamarawa da tabarmi a ka. Kin san yadda nake bin hanyar Isa zuwa Sabon Birni, matata Balki da yarinyarmu suna jiran ko in dawo ko a kira su a waya a faɗi kuɗin fansa. So nake in fitar da su. Yanzu suna nan inda kika bar su.

Na sami Yaya a rumfarsa ta hatsi. Ya yi ƙiba, ana ce masa Alhaji, takardarsa fara fat. Na ce ko zai raka ni wurin lauya, ko baki ya sa. Ya ce, "Kai Sani, maganar saniya har yau? Juli ya mutu, Inna ta mutu, mi kaka so in yi?" Ya ci gaba da awonsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Baffa Juli ma kafin ya rasu ya yafe, har ranar sunan 'yata ya zo da ƙwaryar nono. Kowa ya manta, ban da takarda.

Duk wannan da na haɗiye, in ba don ranar da kika cika ba. Bayan la'asar ce, ni nake riƙe da hannunki ina gyara miki ruwan da aka ɗaura, kanki yana kan cinyata. Wata da watanni ni ke jinyarki, shi sau nawa ya leƙo? Kika buɗe ido, kika dubi ƙofa, kika ce, "Lawali." Ras, ba gargada, kamar kullum kina faɗinsa. Kika sake faɗi. Ashe bakinki ya iya. Ashe ba kunya ce ta hana ki ba ranar da ɗan sanda ya zo. Ɓoye shi kika yi, kamar yadda ake ɓoye iri a ci sauran.

Na ji haushinki, Inna, har yau ina ji, kuma ina kewarki. Wani lokaci in na wanke hannu a wurin aiki sai in ji ƙamshin lemun tsami, in rasa ko kuka zan yi ko tsaki. Da aka ce a yafe miki a bakin kabari na ce na yafe, kuma ban janye ba.

Allah ya gafarta miki, ya sa kin huta, ya ba ki littafinki a dama. Ranar da za a kira kowa da sunansa, Allah ya sa kada a tambaye ki wanne ne ya je gona.

Ɗanki wanda sunansa bai taɓa yi miki nauyi ba,
Sani