Na Ciyar da Ƙwarin Farfesa

Assalamu alaikum Umma,

Ina fatan kuna lafiya, ke da Abba da su Yaya. Ya ƙafar Abba? Don Allah ki hana shi hawa tsani.

Ni lafiya lau nake, kada ki damu, abinci ne dai ya ƙi shiga kwana biyu. Aikina yana nan, wanda Yaya ke min dariya a kai: baƙaƙen ƙwarin ƙasa masu kama da buzuzu. Nakan sa kowanne a kwalba in rufe, na'ura ta auna iskar oksijin da yake shaƙa. Ƙa'ida ita ce su kwana biyu ba abinci kafin awo, don ƙwaro in ya ƙoshi ya fi jan iska.

Umma, na kasa. Wata uku ke nan ina jefa musu tsutsa a ɓoye.

Jiya Farfesar da nake aiki a ƙarƙashinta ta ga awon ya yi sama, har ta rungume ni. Ta ce, "Mun gano abin da ba a taɓa gani ba!" Ranar Litinin za ta gabatar da shi gaban manya, da sunana a jiki. In na yi shiru, na sa ta yin ƙarya. In na yi magana, wataƙila ku gan ni da akwatina.

Ke kika hana mu karyawa kafin a ba kaji tsaba, sai ki taya ni da addu'a. Gobe da safe zan buga ƙofarta.

Ki ce wa Yaya kada ya zuba kayansa a ɗakina tukuna.

'Yarki,
Auta