Takalmin Mme

Mafeteng, 3 ga Yuni

Ausi Moliehi,

Gaisuwa mai yawa daga ƙaninki. Ya sanyin kan dutse? Mu lafiya lau. Mahaifiyarmu Mme ta ce in gaya miki ta yi ƙiba, takalmin cocin da kika saya mata ya ƙi shiga. Yanzu a zaune take barci kamar mai gadi, wai kwanciya na tsare mata numfashi. Tsufa dai!

Ta ce saura wata nawa? Kullum sai ta tuna mini cewa gonarmu ce ta jinginar, kika ci bashin karatun jinya.

Naki,
Thabelo

Qacha's Nek, 19 ga Yuni

Thabelo,

Ina gaishe ku. Saura wata uku in cika shekara biyar a asibitin nan, gwamnati ta yafe bashin. Hutuna ya ƙare, kuma in na bar aiki ko na sati biyu ne, lissafi ya koma farko. Ni kaɗai ce nas a nan, ƙauye goma sha ɗaya, wasu marasa lafiyar a kan doki ake kawo su.

Ga ƙwayoyi nan, ɗaya kowace safiya. Ta daina cin gishiri. Ka kai ta asibiti, Thabelo, ban da gardama.

Yayarka,
Moliehi

Mafeteng, 28 ga Agusta

Ausi,

Ina gaisuwa. Mme ta rasu ranar Lahadi. Ƙanƙara ta rufe hanyarku, waya ba ta shiga, har muka binne ta.

Ki yafe mini. Tun Yuli aka kwantar da ita, likita ya ce zuciya ce. Ta riƙe mini hannu ta ce, “Ka kuskura ka gaya wa Moliehi, ban yafe ba. Ta taho ta zubar da shekara biyar, ku ci me?” Shi ya sa duk kiran da kika yi nake cewa tana coci. Ni na hana ki ganinta, kuma abin ya hana ni sukuni.

Naki,
Thabelo

Qacha's Nek, 24 ga Satumba

Thabelo ƙanina,

Ina gaishe ka, ya haƙuri? Takardar yafiya ta zo jiya, gona ta zama tamu. Na ajiye ta, na kasa sake dubawa.

Ka daina ɗora wa kanka laifi, ba abin da ka ɓoye mini. Kumburin ƙafa, barci a zaune: mutum nawa na gani da haka a nan? Tun wasiƙarka ta farko na san ba za ta kai bazara ba. Na ɗauko kalanda na ƙirga, na yi zamana ban taho ba.

Ina tafe ranar Asabar. Kada ka ba kowa takalmin nan.

Moliehi